Yamai Biyu, in ji Inna

Tun da na dawo daga Gabon ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A lakwal ɗin da nake koyarwa nan Dogon Dutsi, da an fita shan iska sai malamai su kewaye ni: yaya cikin jirgi yake, da gaske ne ana ba mutum abinci a sama, wai teku ba ta da ƙarshe? Har mai sayar mini da albasa sai da ya tambaye ni ko na ga kifin da ya fi saniya. Kowa zai yi mini gaisuwar yayana da baki ɗaya, sannan ya koma ga tambayar jirgi da baki goma. Ban ga laifinsu ba, da ni ce ma haka zan yi. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, don na gaji da fara labarin ina kasa ƙarasawa.

Dole in fara da Innarmu, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni ba.

Yayana Arzika ya bar ƙauyenmu, can gefen Ɗan Kassari, tun ina ƙaramar ƴar lakwal. Ya tafi biɗa kamar sauran samari, ya ɗan zauna Najeriya, daga baya muka ji yana Gabon yana gadi da ɗan saye da sayarwa. Yakan aiko da abin da ya samu, yakan bugo waya, amma ƙafarsa ba ta sake taka gida ba. Ita kuwa Inna iyakar tafiyarta a duniya Yamai ce, sau ɗaya, lokacin da aka yi mata aikin ido. Ta hau amalanke da asuba zuwa bakin titi, ta shiga mota, ta isa da la'asar. Tun daga ranar Yamai ta zama mudun da take auna kowane nisa da shi. In an ce wane ya tafi Agadas, sai ta ce, "Yamai nawa ke nan?"

Da Baba ya rasu, cikin masu zuwa gaisuwa har da Alhaji Tankari, wani ɗan kasuwar nan Dutsi mai shago a Gabon. Mutum ne mai son a san ya hau jirgi. Yana zaune kan tabarmar makoki ya ce, "Ai Inna, Gabon yanzu ba nisa. Can na karya kumallo, Yamai na yi sallar la'asar." Na ga Inna tana lissafi da ido. Yini ɗaya daga ƙauye zuwa Yamai, yini ɗaya daga Yamai zuwa Gabon. Ta ce, "Ashe Yamai biyu na." Da yamma Arzika ya bugo waya yana kuka, aka miƙa mata, ta ture hannun mai miƙawa.

"Wanda ag ga Yamai biyu, ubanai ya mutu bai zo ba, ba ni magana da shi cikin ƙarhe. Shi zo shi tsaya gabana."

Mun yi bayani har mun gaji. Ni da kaina na zana mata taswira a ƙasa da tsinke, ta dube ni ta ce, "Alhaji ya yi ƙarya ke nan? Mutumin da ya je Makka?" Taurin kan da ake cewa ina da shi, a nono na sha shi. Haka shekaru suka yi ta wucewa, shi yana bugowa, ita tana ƙin karɓa.

Bara da damina matarsa ta kira ni da Faransanci, ta ce ciwon hanta ya kwantar da shi, kuma abu biyu yake roƙo: ya ga wani na jininsa, kuma Inna ta yafe masa. Ƴan ƙasarmu mazauna can suka haɗa kai suka samo mini takardun shiga da tikiti. Ni aka zaɓa don ni ke jin Faransanci. Na je ƙauye sallama, na durƙusa na ce, "Inna, mi zan ce mishi?" Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ki ɗauko shi. In ya zo, magana ta ƙare." Amma da zan fita na tarar an ɗaure mini garin gero a bakin jakata, irin na kunun da yake so, kuma na san ɗaurin hannunta. Gwaggo kuma ta ba ni rubutu cikin gora, ta ce malam ya kwana uku kansa, kada in bari ko ɗigo ya zuba.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Na zauna kusa da wani Bafulatani mai kai wa ɗansa soja man shanu, kafin mu kai Dosso man ya narke ya bi zanena. Ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa na yi ta masifa, don da zanen nan na yi niyyar shiga jirgi. Na kwana gidan wata ƴar ƙanen Baba, muka wanke zanen, bai fita ba. Da tabon man shanu na shiga duniyar masu jirgi.

A filin jirgi ne na fara sanin cewa iyakar sama ba irin tamu ba ce. Mu nan in za mu tsallaka Najeriya cin kasuwa, kabu-kabu muke hawa, a gaisa da na bakin hanya, a tambayi lafiyar iyali, a wuce. Can kuwa sai an cire wa mutum takalmi, an leƙa jakarsa da na'ura, an dubi fuskarsa an dubi hoto kamar ana neman ɓarawo. Wata ma'aikaciya ta zaro goran Gwaggo ta ce ruwa ba ya shiga jirgi. Na ce ba ruwa ba ne, rubutu ne, na marar lafiya. Ta ce ta sani, ita ma Musulma ce, amma doka ce. Ta nuna mini kwandon shara cike da gorunan mutane. Na dubi kwandon, na dubi goran. Ayar Allah cikin shara? Na ce a ba ni wuri. Na tsaya nan gaban layi na yi bisimilla na shanye shi tas, mutane na kallona, wani Bature har da murmushi. Sai da na aje goran hankalina ya dawo, na tuna maganin yayana ne na sha, ni mai lafiya. Nan na fara kukan tafiyar, ma'aikaciyar ta dafa ni ta ce Allah ya ba shi sauƙi.

A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Bazabarma mai fataucin atamfa. Ita ta ɗaure mini ɗamarar kujera, ta ba ni alewa ta ce in tsotsa kada kunnena ya toshe. Da jirgin ya ɗaga, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Hajiya ta ce, "Ƴata, rage wasu don saukowa." Aka kawo abinci cikin ƴan kwanoni kamar na wasan yara, burodi ɗan mitsitsi da wani abu mai sanyi da ban san sunansa ba. Ga mai tambaya, i, ana ba da abinci a sama, amma kada ka bar tuwon gidanku don shi.

Mun sauka Lome don canza jirgi. Wai muna Togo, amma ba a bar mu mun fita ba, ba mu ga kowa na garin ba sai masu shara da masu sayar da turare. Na tambayi Hajiya wace ƙasa muke yanzu, ta ce, "Ba ko ɗaya. Nan zaure ne." A zauren nan muka rabu, ita ta nufi wani wajen. Jirgi na biyu ya bi ta kan teku. Na leƙa ta taga na ga ruwa shimfiɗe ba gaba ba baya, na ce a raina ashe ba wani abu ba ne, shuɗi ne kawai kamar zanen da aka rina. Na ma ɗan yi barci.

Kafin magariba ina Gabon. Ku dubi wannan abu. Da safe na sha shayi a Yamai, ga ni a wata duniya rana ba ta faɗi ba. Mutanenmu biyu suka tarbe ni a bakin fili, murna ta kama ni, na ari wayar ɗayansu na kira ƙanenmu a ƙauye na ce, "Ka hwaɗa ma Inna na sauka lahiya, tun ɗazu ma." Na ji muryarta daga nesa tana tambaya, "Har ta isa? Yau da ta tashi?" Ƙanena ya ce i. Sai na ji ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na san shi. Na tsaya da waya a hannu, na gane da bakina na zama shaidar Alhaji Tankari.

Kuma gaskiya ni ma a lokacin zuciyata ta koma wajen Inna. A cikin mota ina ta cewa a raina, ashe kusa ne haka, ashe Yaya ƙin zuwa ya yi.

Gidansa ɗaki biyu ne na katako a kan gangare, rufin kwano, ƙasa ja tana manne wa takalmi. Ruwan sama a garin nan ba ya neman izini, safe da yamma zuba yake, ba mai fita ya duba gabas, ba mai cewa alhamdulillahi. Mu da muke yanka don a samu hadari, su laima suke zagi. Matarsa Solanj ƴar ƙasar ce, doguwa, marar yawan magana. Na zo da shirin ƙinta, ta hana ni. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ta koyi "sannu" da "Allah shi ƙara sauƙi". Ta kawo mini rogon da suke naɗewa cikin ganye da miyar kifi mai hayaƙi. Warin tsaminsa ya kusa kore ni, amma na ga tana kallon hannuna, na ci. Daga baya har nema nake.

Shi kuwa Yaya ban gane shi ba. Na san shi saurayi mai ɗaukar buhun gero a kafaɗa ɗaya, na tarar da tsoho, ido rawaya, ciki a kumbure. Ya dube ni ya ce, "Rabi, ke ce kinka zama mace haka?" Na dama masa kunu da garin Inna. Tun kafin in kai masa ya ji ƙanshin, ya juya fuska ga bango. Da ya kurɓa kaɗan ya ce, "Wanga geron gonar fadama na." Na ce i. Ya ce, "Ita ta aiko?" Na ce ita ta ɗaure da hannunta. Ya ce, "Da magana?" Na sake kai masa kunun baki.

Bakina ba ya ajiya, kun sani. Kwana biyu na daure, ran na uku da hantsi na ce, "Yaya, ka gahwarce ni, amma na zo na gani. Yini ɗaya na. Mi ya hana ka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce in ɗaga shi ya jingina. Ya ce, "Ke ta sama kinka zo. Ni ta ƙasa na zo, ta ruwa." Ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a gida ba. Daga Najeriya aka zuba su cikin wani babban kwalekwale na katako, mutane kamar buhunan albasa, aka ce kwana biyu ne. Inji ya mutu a tsakiyar teku. Ruwan sha ya ƙare. Akwai wani mutumin Kieshe da suka taso tare tun daga gida, suna cin abinci kwano ɗaya. A jikinsa ya cika, kuma da hannunsa ya taimaka aka sa shi cikin ruwa, ba wanka, ba likkafani. Ya ce ya daina ƙirga kwanaki. Da suka ga ƙasa, cikin laka aka sauke su, suka bi daji.

"Tun ran nan ban sake zuwa bakin teku ba, ga ta nan bayan gari. Ko ƙararta ban son ji."

Na ce, "To jirgin sama fa?"

Ya yi ƴar dariya. "Jirgi na masu takarda na, Rabi. Takardar zamana ta mutu tun da daɗewa, na yi na yi ban iya tada ta ba. Irina in ya kai kanai hilin jirgi, ba Yamai za a kai shi ba. Alhaji bai yi ƙarya ba. Gabon ɗinai kusa take. Tawa ce ke da nisa."

Na ce don me bai faɗa wa Inna ba tun tuni. Ya ce, "In ce ma uwata na kwana da gawa bisa ruwa? In ce mata ɗiyanta ɓoye shike kamar ɓera? Gara ta ce ban da kirki, ta yi barci."

Shuɗin nan da na leƙa ta taga na raina, har na yi barci a kansa, ashe kabarin mutane ne. Kunya ta kama ni har na kasa duban fuskarsa.

Likita ya ce ko da takarda, jikinsa ba zai ɗauki tafiya ba. Na kira gida. Na ce wa ƙanena ya sa wa Inna waya a kunne ko da ƙarfi. Ya ce ta shige ɗaki. Na ce ya buɗe muryar wayar ya tsaya bakin ƙofa. Na yi ta magana, na ce Inna, Yaya ba ya iya tashi, Inna akwai abin da ba ki sani ba, Inna don Allah kalma ɗaya. Amma Yaya yana kwance kusa da ni yana girgiza kai kada in faɗi zancen ruwa, layin kuma yana yankewa. Abin da na jiyo kawai shi ne, "Ke da kinka isa yini ɗaya, ki ɗauko shi yini ɗaya. Ina nan." Na san ba ƙeta ba ce. A ganinta, in ta yafe ta waya ba zai zo ba, in ta riƙe yafiyar dole a kawo mata shi. Da ita take jan ɗanta gida.

Na yi tunanin in yi masa ƙarya in ce ta yafe. Ya riga ni. Ya ce, "Kada ki wahal da kanki, na ji ta. Muryarta ba ta tsuhwa ba." Wai har daɗi ya ji, don rabonsa da jin muryar tun rasuwar Baba. Bayan kwanaki kaɗan, wata safiya ana ruwa, ya cika, kansa a cinyar Solanj, ni ina riƙe da ƙafarsa.

A can al'adarsu gawa ba ta gaggawa. Sukan aje ta gidan sanyi har makonni, a tara dangi, a ɗinka kaya, a yi kiɗa. Dangin Solanj da kyakkyawar niyya suka ce a aje shi, a nemi hanyar sa shi jirgi cikin akwati a kai wa uwarsa. Wai gawa ta fi mai rai sauƙin samun takarda. Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Dattawanmu na can suka ce a bi sunna, ni ma na ce haka, Solanj ta ce abin da zai so shi za a yi. Kafin la'asar aka kai shi. Waɗanda suka je sun ce sai da aka yi ta kwalfe ruwa daga cikin kabarin kafin a sa shi. Mutumin da ya yi shekaru yana gudun ruwa.

Dawowa ba ni da abin faɗi a kanta. Jirgin ne dai, zauren Lome ne dai. Na roƙi na kusa da ni muka canza kujera don kada in zauna bakin taga.

Na tarar an yi zaman makoki an watse. Inna ta rame, ba ta yi mini kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi hoton jikarta, ƴar Yaya, ta duba ta mayar mini. Sai washegari da la'asar, muna tsakar gida mu biyu, tana ɓarar gyaɗa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Rabi, Gabon ɗin nan. Hwaɗa mini gaskiya. Da nisa?"

Na auna abin a raina. In na ce kusa ne, Inna za ta samu abin riƙewa, ta ce ita ke da gaskiya, yayana kuma ya tabbata marar kirki har abada. In na faɗi gaskiya, na wanke mamaci na soki mai rai. Shi ma ya hana ni. Amma ta ce gaskiya take so, kuma ɗanta ne kafin ya zama yayana. Na faɗa mata duka: kwalekwalen, ƙishirwar, mutumin Kieshe, takardar da ta mutu, da dalilin da ya sa ya ɓoye mata. Na ce, "Inna, ga mai jirgi Yamai biyu na. Ga Yaya, ko Yamai ɗari ba ta kai ba."

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. Ta zauna haka har inuwar katanga ta iso ƙafarta. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Wane waje take?" Na nuna mata kudu, ta bayan rumbu. Ta taka har gindin rumbun, ta tsaya ta fuskanci wajen. Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, saboda kunya, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanku". Ran nan na ji shi a bakinta.

"Arzika. Na yahe maka. Duniya da lahira na yahe maka. Kai ma ka yahe mini."

Ta saurara, kamar yadda ake yi in an kira mutum daga gona. Ba abin da ya amsa sai akuyar maƙwabta. Ta juyo ta dube ni, ido jawur.

"Kin ce da nisa. In ƙara ɗaga murya?"